Yadda ake haɗa rezin mai ƙarfi da man waken suya da ƙaron bishiyar fain

Duk wanda ya taɓa tsayawa gun mai gyaran waya ko rediyo yana jira a liƙe masa wata 'yar waya da ta tsinke, ya san wannan ƙamshin da ke tashi idan bakin ƙarfen soda ya taɓa wani abu rawaya mai kama da alewa a cikin 'yar gwangwani. To wannan abun shi ake kira rozin, kuma ba komai bane illa ƙaron bishiyar fain da aka dafa aka cire masa tafentain, wato ruwan man da ke cikinsa, ya bar daskararren. Shi da man girki, musamman man waken suya, su ne kayan aikinmu na yau, don da su biyun ake haɗa rezin, wato roba mai tauri wadda idan ta kama ta kama kenan, wuta bata sake narkar da ita.

Bari in fara raba maka roba gida biyu don kar mu ruɗe a gaba. Akwai irin ta leda da gorar ruwa da bokiti, wadda kamar kitse take, ka sa a wuta ta narke, ka sauke ta daskare, gobe ma ka maimaita. Akwai kuma wadda masana ke kira tamoset, ita kamar tukunyar ƙasa ce da aka gasa, kafin gashi zaka iya murɗa ta yadda kake so amma da ta fito daga wuta shikenan, sai dai ta fashe ko ta ƙone. Dalili kuwa ƙwayoyin cikinta sun ƙulle da juna ta kowace fuska kamar komar masunta, babu zaren da zaka ja ya fito shi kaɗai. Gam ɗin Araldite mai tub biyu, da allon cikin waya mai launin kore, da marikin tukunyar zamani baƙi da baya narkewa, duk dangi ɗaya ne. Na farkonsu da aka haɗa kacokan a ɗakin gwaji shine Bakelite, wanda Leo Baekeland ya yi a Amurka a 1907.

Matsalar ita ce mafi yawan efoksi da ke kasuwa, wato dangin gam ɗin Araldite, daga man fetur ya samo asali, ana haɗa shi ne da wani sinadari da ake kira BPA wanda aka daɗe ana zargin yana kwaikwayon sinadaran jiki na haihuwa. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kwalbar shayar da jarirai tun 2011, a ƙarshen 2024 kuma ta faɗaɗa hanin zuwa kayan da ke taɓa abinci. Wannan ne ya sa masu bincike suka koma gona da daji neman madadi. Kuma ba sabon tunani bane wallahi, tun wajajen 1860 wani Bature a Ingila mai suna Frederick Walton ya haɗa man linsid da iska ta daskarar, da rozin, da garin ɓawon itace, ya shimfiɗa a kan algarara ya samar da shimfiɗar ɗaki da ake kira linoliyam, har yau ana yin ta da kusan wannan haɗin.

Abin da ya sa mai da rozin suka dace shine kowa yana da abin da ɗaya ya rasa. Ƙwayar mai doguwa ce mai laushi, ƙafa uku gare ta kowace da sarƙar kabon kusan 18, idan ka daskarar da ita ita kaɗai abin da zaka samu lagwai-lagwai ne kamar roban silifas, ba zai ɗauki nauyi ba. Shi kuma rozin ƙwayarsa zobba uku ne manne da juna, sandararre, baya lanƙwasa, shi kaɗai ka buga shi ya tarwatse kamar gilashi. Mai ya kawo tsoka, rozin ya kawo ƙashi. Duk aikin da zamu yi a ƙasa na ɗaura musu aure ne na gaskiya, ba zaman haya ba.

Na ce ba zaman haya ba saboda ni da kaina na fara da kuskuren da kusan kowa ke yi. Na narka rozin cikin man waken suya a kan wuta, na juya, na zuba a murfin gwangwani ya huce ya yi tauri, ina ta murna har na nuna wa abokan aiki. Washegari na manta shi a gaban mota a rana, da na dawo ya zama kamar zuma ya malale. Narkewa ce kawai aka yi a cikin juna, babu ƙulli ko ɗaya. Kafin su ƙullu sai ka yi wa kowannensu hannu, mai ka sa masa zoben efoksi, rozin ka sa masa abin da zai kama wannan zoben.

Mu fara da mai. Ba kowane mai ne zai yi ba, abin da kake nema shine yawan tagwayen ɗauri tsakanin kabon da kabon, don nan ne kaɗai wurin da zaka iya dasa hannu. Ana auna su da abin da ake kira lambar aidin, wato giram nawa na aidin giram 100 na man zai shanye. Man linsid ne sarki, lambarsa daga 170 har kusan 200, ƙwaya ɗaya tana da tagwayen ɗauri sama da shida. Man waken suya 120 zuwa 140, kusan ɗauri huɗu da rabi. Man angurya da na riɗi da na bini da zugu suna wajajen 100 zuwa ɗan sama, man gyaɗa ya ɗan gaza haka. Manja kuwa 50 da 'yan kai ne, ɗauri bai kai biyu ba, kar ma ka ɓata lokacinka, haka man kaɗe. Dokar mai sauƙi ce, ƙwayar da hannunta bai wuce biyu ba sarƙa kawai zata yi, sai mai uku ko huɗu ce ke saƙa koma. A wajenmu waken suya ne ya fi sauƙin samu tunda ana noma shi sosai a Binuwai da Kaduna da sauran jihohi, kuma ka nemi tataccen mai mai haske, ba wanda aka matse a gida da guntun tunkuza a ciki ba. Man zurma daban yake, shi da wani irin hannu nasa yake zuwa tun daga gona, hanyarsa ta wata robar ce, ba zan shiga nan ba yau.

Yanzu dasa zoben. Hanyar tsohuwa ce, wani masani ɗan Rasha Nikolai Prilezhaev ya bayyana ta tun 1909. Ana haɗa asid ɗin fomik da haidurojin farokzaid a cikin man, su biyun su samar da wani asid mai ɗauke da ƙarin oksijin, shi kuma ya miƙa oksijin ɗin ga tagwayen ɗaurin ya zama ɗan zobe mai kusurwa uku. Zoben a matse yake, neman buɗewa yake yi, wannan matsin ne zamu ci amfaninsa daga baya.

Ga lissafin, kuma don Allah kar ka tsallake shi don yawancin waɗanda aikinsu ya lalace a nan suka yi ganganci. Ɗauki giram 100 na man waken suya mai lambar aidin 130. Mol shine ma'aunin da masana ke ƙirga yawan ƙwayoyi da shi, mol ɗaya na aidin kuwa giram 253.8 ne. Raba 130 da 253.8, zaka samu 0.51, wato mol 0.51 na tagwayen ɗauri. Awon da aka saba shine ga kowane mol ɗaya na ɗauri a sa rabin mol na fomik da mol ɗaya da rabi na farokzaid. Idan fomik ɗinka mai ƙarfin kashi 85 ne zai kama giram 14, farokzaid mai kashi 30 kuma kusan giram 87. Na kemis da ake wanke ciwo da shi kashi 3 ne zuwa 6, ruwa ne zalla a wannan aikin.

Zuba man da fomik a filas ɗin gilashi mai baki uku, ka sa shi cikin kwanon ruwan ɗumi, tamomita a ciki, injin juyawa yana aiki da ƙarfi don mai da ruwa basa jituwa, idan ba'a kaɗa su ba kowa gefensa zai kama. Idan ya kai digiri 50 sai ka fara ɗiga farokzaid, ɗigo-ɗigo, ya ɗauke ka awa ɗaya zuwa biyu. Nan ne wurin hatsarin gaba ɗaya. Haɗin da kansa yake haifar da zafi mai yawa, idan ka juye farokzaid lokaci guda zafin zai gudu ya fi ƙarfinka, ya tafaso ya yi ambaliya, wani lokacin filas ɗin ma ya tashi. Ka ajiye ƙanƙara a kusa, da ka ga ya doshi 60 ka tsayar da ɗigon ka sanyaya. Kar ka rufe filas ɗin ruf, kar ka yi a tukunyar ƙarfe ko tagulla don suna ruguza farokzaid, ka sa tabarau da safar hannu, kuma kar asiton ya kusanci wurin har sai ka wanke farokzaid ɗin tas, haɗuwarsu mummuna ce. Wannan matakin na ɗakin gwaji ne mai akwatin zuƙe hayaƙi, ba na bayan kicin ba.

Bayan ɗigon ya ƙare ka bar shi yana juyawa a 55 zuwa 60 na awa biyar ko shida. Zaka ga kalar man ta dusashe daga rawaya zuwa fari-fari kuma ya ɗan ƙara kauri. Kar ka ce bari in ƙara masa lokaci ko wuta don ya fi kyau, asid ɗin da ya taimaka aka yi zoben shi ne dai zai juyo ya fara fasa shi idan suka daɗe tare. Juye a mazurari mai famfo, bari ya kwanta, saki ruwan ƙasa, wanke da ruwan ɗumi, sannan da ruwan bekin soda marar ƙarfi kana buɗe murfin akai-akai don iska na taruwa, sannan ruwan gishiri, har takardar gwajin asid ta nuna 7, wato babu sauran asid. Sai ka busar da shi da sodiyam salfet ko da injin zuƙe iska. Ruwa ko kaɗan ya rage zai dawo maka a matsayin kumfa a ƙarshe.

Abin da ka samu, wato man waken suya da aka dasa wa zoben efoksi, sunansa a kasuwa ESO. A lissafi oksijin ɗin zobe zai iya kai kashi 7.5, amma a zahiri idan ka samu 6.5 zuwa 7 ka gode Allah. Ana gane shi da titireshan, wato gwajin ɗiga asid ɗin HBr a ga nawa ya shanye, ko a na'urar FTIR mai gane sinadarai da haske, inda a zanen da take fitarwa tsinin da ke wajen 3008 zai ɓace wani sabo ya fito kusa da 825. Jami'o'i da cibiyoyin binciken sinadarai irin NARICT da ke Zariya su ne wuraren da ake neman irin wannan gwajin. Kuma in faɗa maka gaskiya, idan ba binciken man kansa kake yi ba, sayi ESO ɗin ka huta, masu sarrafa robar PVC suna amfani da shi wajen tausasa roba don haka dillalan sinadarai sun san shi, kawai ka nemi takardar da ke nuna kashin oksijin ɗinsa.

Sai rozin. Farko dai kar ka je kasuwa ka ce a baka ƙaro, za'a haɗa ka da ƙaron dakwara wanda ake jiƙawa a sa a tawada ko a shadda, shi dangin sukari ne, yana narkewa a ruwa, babu abin da ya haɗa su sai kama. Ƙaron maje da na hano da ake turare da su sun fi kusa amma sinadaransu daban ne, lissafin nan ba zai hau kansu ba. Rozin na fain ne. Iri uku ne, wanda aka tsaga bishiya aka tara, wanda aka tatso daga tsoffin kututture, da wanda ke fitowa daga masana'antar takarda. Na tsagar bishiya Chaina da Burazil da Indunusiya ne manyan masu fitar da shi, kuma shi nake ba da shawara. Ana rubuta darajarsa da haruffa, WW da X su ne masu haske. Sayi dunƙule kar ka sayi gari, garin iska na cinye shi ya yi duhu ya rage aiki. Mai kyau baya narkewa a ruwa, yana narkewa a asiton ko sifirit, yana fara laushi wajen digiri 70 zuwa 80.

Kusan kashi 90 na rozin asid-asid ne 'yan gida ɗaya, babbansu abiyetik, nauyin ƙwayarsa 302. Hannu ɗaya tak gare shi, kuma mun ce mai hannu ɗaya baya saƙa. Dabarar ita ce a dafa shi da wani sinadari da ake kira maleik anhaidraid don ya ƙara masa hannu. A zafin 180 zuwa 200 abiyetik yana juya tsarinsa ya koma wani ɗan uwansa lebofimarik, shi kuma wannan yana cafke maleik nan take, abin da masana ke kira haɗin Diels da Alder, sunan Jamusawa biyu da suka samu kyautar Nobel a 1950. Sakamakon shine MPA, nauyinsa 400, yana da hannun asid ɗaya da zoben anhaidraid ɗaya. Ƙungiyar Jinwen Zhang a jami'ar jihar Washington ta Amurka ta wallafa aiki a 2009 da ya nuna irin wannan zai iya maye gurbin hadina, wato sinadarin da ke daskarar da efoksi, wanda ake yi daga fetur.

Yadda ake yi, farfasa giram 100 na rozin a filas, narka shi a hankali ana hura iskar naitirojin a samansa don kar ya ƙone ya yi baƙi, kai shi 180. Sai ka dinga zuba maleik kaɗan-kaɗan har giram 25. Da a ce rozin ɗin duka abiyetik ne da zai ci giram 32, amma akwai 'yan uwa a ciki irin fimarik da basa amsa kira, shi yasa ake ragewa. Riƙe shi a 180 zuwa 200 na awa uku zuwa huɗu. Maleik yana tashi sama ya manne a wuyan filas kamar farar allura, tururinsa yana cin ido da maƙogwaro ba wasa, hayaƙin rozin kansa an san yana tayar da asma ga masu aikin soda, wasu kuma fatarsu bata shiri da shi. Juye shi da zafinsa a faranti mai shimfiɗar takardar silba, ya huce ka farfasa.

A nan hanya ta rabu biyu. Zaka iya amfani da shi haka ɗanye, ko ka tace shi ta hanyar narkarwa a asid ɗin asetik mai zafi ka bari ya huce ya fito da fararen ƙwayoyi, ka maimaita sau biyu. Tataccen ya fi ba da tauri don an kori masu hannu ɗaya da ke yanke saƙa, amma baya narkewa sai zafi ya haura 220, haɗa shi da mai aiki ne. Ɗanyen ya fi sauƙin sarrafawa kuma ya fi arha. Ni don gam ko fenti ko allo na gwaji ɗanyen nake ɗauka, wanda zai rubuta sakamako a yarda da shi kuwa ya daure ya tace. Ko wanne ne ka rufe shi a kwalba mai matsewa, musamman da damina, anhaidraid yana shan laima ya buɗe tun kafin ka yi aiki da shi. Da hunturu aikin ya fi daɗi sai dai ƙura.

To ga lissafin auren. Raba 1600 da kashin oksijin ɗin manka, idan 6.8 ne zaka samu 235, ma'ana kowane giram 235 yana ɗauke da mol ɗaya na zobe, don haka giram 100 yana da 0.425. MPA tatacce zobe biyu yake kamawa, ɗaya da hannun asid ɗaya da anhaidraid, 400 a raba biyu 200 kenan. 0.425 sau 200 ya ba da giram 85. Ɗanyen kuwa da muka yi da giram 25 na maleik yana kamawa wajen 228, sai ya zama giram 97, kusan ɗaya da ɗaya kenan da man. Kar ka tsaya a awo ɗaya, yi ƙananan haɗi huɗu ko biyar, ɗaya daidai lissafi, wasu ka rage rozin zuwa kashi 90, 80, 70 na abin da lissafi ya bayar, ka rubuta a jikin kowanne. Da hannunka zaka ji yadda suke tafiya daga mai ƙaras zuwa mai lanƙwasa.

Akwai na uku da ba'a yi sai da shi, wato mai ingiza haɗin. Zoben efoksi na mai a tsakiyar sarƙa yake a ɓoye, ba kamar na kanti da ke bakin ƙwaya ba, shi yasa yake da nawa, kuma shi yasa idan ka ɗauko hadinan Araldite ka zuba a ESO zaka kwana uku kana jira yana nan ruwa. Hannun asid na rozin ma a lungu yake. Ana sa wani sinadari mai suna imidazol, irinsa da aka fi sani shine EMI, kashi 1 cikin 100 na nauyin duka. Kuma shi ake sawa a ƙarshe.

Haɗawa kala biyu ce. Ko ka ɗuma man zuwa 120 ko 130 ka dinga barbaɗa garin rozin ɗin kana juyawa har ya zama garau babu gudaji, ka sauke ya ɗan huce zuwa wajen 90 sannan ka sa imidazol ka juya minti biyu ka zuba. Ko kuma ka narka duka a asiton kaɗan, ka shanya a faranti mai faɗi ya tashi, ka ƙarasa a ɗumin 50 zuwa 60. Hanya ta biyu ta fi haɗa su sosai amma korar asiton ɗin duka sai da haƙuri, kuma ba'a yin ta kusa da wuta. Mazubin silikon ya fi, in na ƙarfe ne ka shafe shi da kakin zuma ko ka shimfiɗa Teflon, in ba haka ba sai da guduma zaka raba su. Ka ɗuma mazubin tukuna. In akwai injin zuƙe iska ka cire kumfa minti goma, in babu ka dinga bubbuga mazubin a tebur.

Gashi hawa-hawa ake yi, awa biyu a 120, awa biyu a 150, sannan awa ɗaya ko biyu a 180. Matakin farko yana ba shi dama ya kama a nitse kumfa ta fice, na ƙarshe shi ke tilasta ragowar hannayen su haɗu bayan komai ya riga ya sandare. Idan ka cilla shi 180 kai tsaye waje zai kama ciki na tafasa. Da an gama ka kashe obin ka bar shi ya huce a ciki, fito da shi da zafi yana sa ya tsage ko ya karkace. Ka tanadi janareta kafin ka fara don awa shida ne a jere, in wuta ta ɗauke a tsakiya ba asara bace gaba ɗaya, zaka iya ci gaba, amma samfurin ba zaka kwatanta shi da sauran ba. Obin ɗin da aka yi wannan a ciki ya bar gasa burodi har abada.

Yadda zaka san ya ƙullu da gaske ba sai da babbar na'ura ba. Yanki guntu ka auna nauyinsa, jiƙa a asiton awa 24, cire ka busar sosai ka sake aunawa. In ya narke kaf to irin nawa na gaban mota ka yi. In ya kumbura kawai ya riƙe siffarsa kuma abin da ya rage ya haura kashi 90, aiki ya yi. Ɗora wani guntun a kan ƙarfe mai zafi, ya kamata ya yi laushi kamar fata amma kar ya malale. Wani kuma ka jefa a ruwa kwana ɗaya ka ga nawa ya sha. Masu na'urar gwajin zafi irin DSC ko DMA zasu faɗa maka zafin da yake fara saki, wanda shi ne lambar da mai saye zai fara tambaya.

In ya fito yana danƙo, ko gashi bai isa ba, ko ka manta imidazol, ko man ya rasa zobensa wajen dafawa. In yana karyewa kamar alewar madara rozin ya yi yawa. In ya yi hazo-hazo ko ya rabu hawa biyu, basu narke cikin juna ba kafin ka zuba. In ya yi baƙi ƙirin iska ce ta shiga lokacin dafa rozin, yawanci kalar ce kawai ta lalace. In kuma taurin ne bai ishe ka ba, maye rabin ESO da na linsid wanda oksijin ɗinsa ke kai kashi 9, ka sake lissafin don zai ci rozin fiye da haka.

Rezin shi kaɗai ba kasafai ake aiki da shi ba, zare ake sa masa, kuma a nan muna da rama a gida. Jiƙa zaren a ruwan soda irin na yin sabulu mai kashi 5 na 'yan awanni ya cire danƙon jikinsa, wanke tas, busar a 80 har ya daina rage nauyi, don zaren tsiro ma'ajiyar ruwa ce. Shimfiɗa, shafa rezin da zafinsa, ƙara shimfiɗa, danne tsakanin faranti biyu na ƙarfe a gasa a haka. Sai dai kar ka daɗe da shi a 180, zaren yana fara rauni, gara ka tsaya a 160 ka tsawaita lokaci.

Akwai wata hanyar da ya kamata ka sani ko da ba zaka bi ta ba. Richard Wool na jami'ar Delaware ya shahara da ƙara wa ESO asid ɗin akirilik, ya zama rezin da ake daskararwa kamar na faiba da masu gyaran bamba ke amfani da shi, har kamfanin John Deere ya yi amfani da rezin na waken suya a jikin injinan gona, shi kuma ya samu lambar yabo ta gwamnatin Amurka a 2013. Illarta kaurinsa ya yi yawa sai an sirka da wani sinadari mai suna sitairin kusan kashi ɗaya bisa uku, shi kuma na fetur ne, ga wari, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a jerin waɗanda ake kyautata zaton suna jawo cutar. Shi yasa wasu masu bincike a Ningbo ta Chaina suka koma ƙera madadinsa daga rozin ɗin dai.

Haɗin da na kwatanta sama da kashi 80 nasa daga tsiro ne, maleik da imidazol ne baƙi. Amma kar ka rubuta a kwali cewa yana ruɓewa a bola, fitowa daga tsiro daban ruɓewa daban, kuma kar ka yi kwanon abinci da shi ba tare da gwaji ba. A jure zafi efoksi na kanti da aka gasa da anhaidraid yana haura 120 kafin ya saki, na waken suya bai kai nan ba, don haka wurinsa allon daɓe, murfin kaya, fenti, gam ɗin katako, ba kusa da inji ba. Ƙullinsa na esta ne, ruwan soda mai zafi yana kwance shi, wanda aibi ne in zaka yi tankin sabulu, amma alheri ne wajen wanke kaya, filas ɗin da rezin ya kama a ciki ka cika shi da ruwan soda mai ɗumi ka bar shi ya kwana, da safe buroshi kawai zai nema.